Sarakunan da Na Narkar a Sharafiyya

Shekarata ta biyar ke nan a Jidda lokacin da jakar ta shigo shagonmu. Ni maƙerin fari ne, azurfa muke bugawa a gidanmu can ƙasar Katsina tun zamanin kakana. Umra na zo yi da niyyar wata biyu, sai wata biyun ta miƙe ta zama shekaru, kamar yadda ta yi wa mutane da dama. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya mini. Muna zaune a unguwar Karantina ni da matata, wadda ta biyo ni daga baya, aiki kuma a Sharafiyya nake yi, a wani ɗaki da ke bayan shagon wani dattijo mutumin Hadramaut. A gaba ana sayar da zobba da carbi da agogo. A baya kuwa, inda babu taga sai wata fanka da aka huda wa bango, mu biyu ne, ni da wani ɗan Yaman mai goge kaya. Dukanmu babu mai takarda. Dattijon Ammi muke kiransa. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma tsoro ya riga ya zauna masa a jiki. Ko motar 'yan sanda ce ta wuce a titi sai ya leƙo ya ce mu kashe wuta.

Wata ranar Talata a watan Sha'aban ya shigo da wata jakar fata mai maiƙo, ya zazzage ta a kan tire. Ya ce wani baƙo ne da ya zo umra daga can gabashin Iran ko Afganistan ya sayar masa a kan nauyi.

"Ka wanke, ka narkar," in ji shi. "Zobba nake so da yawa kafin mahajjata su sauko."

Tsofaffin kuɗi ne na azurfa, ƙanana, ba su kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba. Sun yi baƙi, ƙasa ta cike su, wasu sun manne da juna. Na sha narkar da tsofaffin kaya, mundaye da warwaro da riyalan da aka daina karɓa, ban taɓa tsayawa duba fuskar ko ɗaya ba. Amma da na jiƙa waɗannan a ruwan lemon tsami na murza da yatsa, sai kan wani mutum ya fito. Yana duban hagu, gemunsa a taje, gashinsa a jere layi-layi kamar kitso, ga ɗan ƙyalle ɗaure a kansa, jelarsa na reto a ƙeya. Na juya baya, na ga wani ƙaramin mutum zaune a kujera ya miƙa baka a gabansa, rubutu ya kewaye shi ta kusurwa huɗu. Na yi firamare, na san boko, na kuma san ajami. Wannan rubutun ya yi kama da boko, amma na kasa haɗa ko kalma ɗaya. Abin da na sani kawai shi ne aikin hannu ne, an buga shi da masaba, kuma wanda ya sassaƙa hatimin ya san aikinsa.

Ranar Alhamis Ammi ya kira ni gaba in duba wani tabarau da ya karye a hannu. Na fito da ɗaya daga cikin kuɗin a tafina, don na manta ban ajiye ba. Mai tabarau ɗin wani mutum ne dogo, siriri, zai yi shekara sittin, sanye da wando da riga 'yar shara da ta sha wanki. Na ajiye kuɗin a kan gilashi don in karɓi tabarau. Sai na ga bai sake shi ba. Ya kai karyayyen tabarau ɗin idonsa, yana riƙe da shi da hannu ɗaya, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Daga ina wannan?" ya tambaya. Larabcinsa na mutanen Iraƙi ne, mai nauyi.

Ammi ya ce tsohuwar azurfa ce ta narkarwa.

"Guda nawa ne?"

"Jaka guda."

Mutumin ya nemi kujera ya zauna. Daga nan ya roƙi Ammi ya bar shi ya gani. Ammi ya dubi titi, sannan ya buɗe masa ƙofar baya, abin da bai taɓa yi wa wani mai saye ba.

Daga ranar na fara kiransa Ustaz, shi kuma yana kirana Usta, wato gwanin sana'a a bakin mutanensu. Mai kula da sito ne a wata masana'antar tayil a Madinar Masana'antu. Amma a ƙasarsu, shekara da shekaru, shi ne mai zane na masu tonon kayan tarihi a wani kufai da ke cikin hamada kudu maso yamma da Mosul, ana ce masa Al-Hadar. Duk abin da aka tono, gunki ne ko rubutu a jikin dutse, shi ke aunawa ya zana. Ya bar Iraƙi farkon yaƙinsu da Iran, saboda wani dalili da bai taɓa gaya mini duka ba, ni kuma ban matsa ba.

Ya durƙusa gaban tiren yana ɗauka ɗaya-ɗaya ta gefe. Ya ce kuɗin Fartiyawa ne. Na ce ban taɓa jin sunan ba. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, ko a Bagadaza kaɗan ne suka san su. Mahaya dawaki ne da suka fito daga filayen gabashin Bahar Kazwin, suka ƙwace Iran da Iraƙi daga hannun sarakunan Yunanawa, suka yi mulki kusan shekara ɗari biyar. Gidan Kisra da muke ji a wa'azi su ne suka kayar da su, wajen shekara ɗari huɗu kafin Hijira, kuma da suka hau ba su damu a tuna da waɗanda suka gada ba. Ya ce Fartiyawa ba su bar littafin tarihi na kansu da ya iso gare mu ba, yawancin labarinsu daga bakin abokan gabansu aka ji shi. Shi ya sa kuɗinsu ke da muhimmanci. Da su ake jera sarakunan, a san wa ya riga wa.

"Jaka guda da aka samu wuri ɗaya," in ji shi, "ta fi guda dubu da aka tsinto a warwatse. Wani ne ya tara su ya binne, bai dawo ba."

Ya miƙe ya fuskanci Ammi. Ya ce masa waɗannan sun fi nauyinsu daraja nesa ba kusa ba, kuma akwai hukumar da ke kula da kayan tarihi, in an kai musu za su karɓa. Ammi ya saurare shi har ya gama.

"Ya Ustaz, in na kai musu za su ce wa ya kawo, ina takardar shigo da su. Ba ni da ita. Sai su ce su ga inda aka ajiye. Sai su buɗe wannan ƙofar." Ya nuna mu da haɓa, ni da ɗan Yaman. "Me za su gani?"

Ustaz ya juyo ya dube ni. Ni kuma na sunkuyar da kai ina goge awartaki da ba ya bukatar guga. Ya ce to a sayar wa masu tara irinsu. Ammi ya ce wannan ma magana ce za ta fita, kuma ga hotunan mutane a jiki, ba ya son a ce shagonsa na cinikin gumaka. Ustaz ba shi da ƙarfin sayen jakar, ya faɗa da bakinsa. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne jinkiri. Ammi ya ce zai bari har bayan ƙaramar salla, daga nan shi ke nan, a narkar.

Muka fara ɗaukar siffarsu. Ustaz ba ya samun fita sai yammacin Alhamis da Juma'a bayan masallaci, don haka lokacin da kasuwa ke rufe tsakanin azahar da la'asar shi ne namu. Yakan zo da farar hodar nan da suke kira jibs a cikin leda, da wani yumɓu mai laushi da ba ya bushewa. Ni zan danna kuɗin a yumɓu, gaba da baya, in cire a hankali da tsinke. Shi zai dama jibs ya zuba. In ya ƙafe sai ya rubuta lamba a bayansa da fensir, ya ɗora kuɗin a sikelina, ya shigar da nauyin a wani littafi mai koren bango. Azumi ya same mu a haka. Zafin ɗakin ya isa, gumi na ɗiga a kan jibs, ba ruwan da za ka kurɓa. Wani lokaci yakan jingina da bango ya rufe ido har sai jiri ya sake shi.

A sauran ranakun ni kaɗai nake yi, amma ban san wanne ya fi wanne ba. Sai ya koya mini abin da zan duba. Mai doguwar hula da aka yi wa ado da duwatsu, mai ɗan ƙari a goshi, mai gajeren gemu, da wanda ke kallonka kai tsaye maimakon gefe, wannan in na gan shi in ware shi daban. Ya ce wahalar ita ce dukan sarakunan suna ɗaya suke ɗauka in sun hau gado, sunan kakansu na farko, don haka da gemu da hula da hanci ake rarrabe su. Na yi dariya na ce ashe masu ilmi ma duban fuska suke yi kamar mu.

Yana aiki yana ba ni labari, ba a jere ba, duk abin da kuɗin hannunsa ya tuno masa. Ya ce mutumin da ke riƙe da baka a baya alamar asalinsu ce. A fagen yaƙi sukan yi kamar sun gudu, in abokan gaba suka biyo su sai su juyo a kan doki yana tsaka da gudu su saki kibiya. Ya ce sun taɓa karya wata babbar rundunar Rumawa kusa da Harran, Rumawa na jiran kibansu su ƙare, ashe raƙuma ne a baya ɗauke da wasu. Alharinin Sin ta ƙasarsu yake bi kafin ya kai Rum. Amma abin da ya fi so ya yi magana a kai shi ne Al-Hadar, birnin da sarakunansa Larabawa ne masu biyayya ga Fartiyawa. Ya kwatanta mini manyan zaurukansa na dutse, masu rufin baka, buɗe ta gaba, tsayinsu ya fi gidan bene. Ya ce gumakan manyan garin sanye suke da wando da doguwar riga mai aiki a gaba, kowa ya ɗaga hannun dama, tafin a buɗe. Ya ciro wani zane da ya yi daga cikin littafinsa ya nuna mini. Na ce wannan ai in ka sa masa hula sai ya shiga sahun Idi a garinmu ba wanda zai waiwaya. Ranar ce na fara jin dariyarsa.

Wata Juma'a ya jera guda goma sha biyu a kan tire, daga mafi tsufa zuwa na baya-bayan nan. Ya ce rubutun na Yunananci ne, yana cewa sarkin sarakuna, mai adalci, masoyin Yunanawa. A na farko haruffan tsaf suke. Ana tafiya sai suka fara karkacewa, har a na ƙarshe suka zama 'yan sanduna da ɗige-ɗige da ba sa cewa komai. Ya ce masu sassaƙa hatimin sun daina jin harshen, kowa na kwafar na gabansa. Na ce ba laifinsu ba ne, abin da aka miƙa wa maƙeri shi yake bugawa, ni ma na sha zana Turanci a zobe ban san ma'anarsa ba. Na kuma nuna masa abin da shi bai lura ba. Na baya-bayan sun fi jan ƙarfe yawa, ƙararsu a kan uwar maƙera ba ɗaya ba ce da ta na farko. Sannan na ɗauko wasu guda biyu da na ware tun ranar Litinin. Akwai wani siririn layi da ya taso daga kunnen sarkin zuwa baki a dukansu, a ɗaya gajere, a ɗaya ya ƙara tsawo.

"Hatimi ɗaya ne, Ustaz. Ya tsage, suka ci gaba da bugawa da shi. Wannan aka fara bugawa, sannan wannan."

Ya duba ya sake dubawa. Ya kama kafaɗata ya girgiza. Ya rubuta shafi guda cur a kan wannan, ya ce zai sa cewa ni na gano.

Ana saura kwana goma salla ba mu ɗauki siffar ko rabi ba. Ustaz ya sake roƙon Ammi. Ammi ya ce lokaci ba zai ƙaru ba, amma shi azurfa yake so, ba ruwansa da ta wace ce. Duk wanda ya kawo masa azurfa mai kyau ya ɗauki daidai nauyinta a cikin jakar. Ustaz ya fita da sauri kamar yaro.

Ranar Alhamis ya dawo da ƙunshi a cikin tawul. Cokula shida ne manya da wani ɗan faranti, kayan mahaifiyarsa, su kaɗai ya fito da su daga Mosul. Tun a hanya ya gama lissafin waɗanda zai zaɓa, ya ce za su kai hamsin. Ina ɗaukar cokali ɗaya na ji a hannuna. Na juya shi, na sake juyawa, ina neman hanyar da zan ƙi yin abin da ya zama dole. Ammi na tsaye. Na goga magagari a bayan mariƙin, sau biyu kawai, sai ga rawaya ta fito a ƙasa. Ruwan azurfa aka yi musu. Na gwada sauran duka, har farantin, ko Allah zai sa a dace. Babu ko ɗaya.

"Kullum cewa take azurfa ce," in ji Ustaz a hankali. "Ba ta bari mu ci da su sai an yi baƙi."

Ya naɗe su cikin tawul ɗin kamar yadda ya kawo su. Na cire zoben hannuna, wanda babana ya buga mini, na ɗora a sikeli. Shi kuma ya ciro maɓallan hannun riga guda biyu, waɗannan na gaske ne. Ɗan Yaman ya ƙara da wani ɗan mariƙin carbi. Abin da muka tara ya fanshi guda tara. Ustaz ya kwashe fiye da awa yana zaɓa, ya ɗauka ya mayar, ya ɗauka ya mayar. Biyun nan masu tsaga suna cikin waɗanda ya ɗauka.

Ranar ce, da muka fito, ya gaya mini cewa ya rubuta wa hukumar kayan tarihi wasiƙa tun makon farko. Ta yi makonni a aljihunsa. Ya kai ta har bakin akwatin gidan waya sau biyu.

"Sai in tuna matarka na da ciki," in ji shi. "Na yage ta jiya."

Ban ce masa ya kyauta ba, ban kuma ce ya sake rubutawa ba. Na san abin da ya kamata mai ƙarfin zuciya ya ce, na kuma san ba zan faɗa ba. Muka taka har tashar bas.

Kwana huɗu bayan salla, da safe, Ammi ya ce yalla, a narkar. Ustaz ya ɗauki izini daga wurin aiki ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa har na kunna wutar gas na ɗora kaskon narki, na zuba kason farko. Da suka fara ja sai ya juya ya koma gaba ya zauna kusa da Ammi. Ni ba ni da inda zan koma. Dole idona ya tsaya a kan kaskon, don in ka kau da kai azurfa takan ƙone. Sukan yi ja, su yi laushi, fuskar ta ɗan daɗe tana nan, sannan gefen ya lanƙwashe ta nutse. Zubi biyar na yi. Kafin azahar sun zama sanduna biyar a kan tire, ɗan Yaman na watsa musu ruwa. Ammi ya aiko mana da shayi da sambusa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ba wanda ya taɓa. A makonnin da suka biyo baya na buga su zobba masu dutsen aƙiƙ, aka sayar wa mahajjata, har da mutanenmu.

Zumuncinmu bai yanke ba. Ya zo Karantina ranar sunan 'yata, shi kaɗai fari a cikin taron, ya ci tuwo da hannu yana yaba miyar kuka da na san ba ta yi masa daɗi ba. Nakan je ɗakinsa ranar Juma'a in same shi da siffofin jibs a shimfiɗe kan tabarma, yana zana su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ya gama zai aika wa wata mujalla ta masana, ko ba komai a san jakar ta taɓa wanzuwa. Idonsa na raguwa, aikin na tafiya a hankali.

Shekarar da Iraƙi ta shiga Kuwait kafilinsa ya ƙi sabunta masa iƙama. Ba zai iya komawa gida ba, sai ya samu hanyar Amman ta ƙasar Jodan. Jaka ɗaya aka yarda ya ɗauka. Ya tafi da littafin da kuɗin nan tara, ya ɗinke su cikin kafaɗar kwat. Siffofin kuwa ya jera su cikin gwangwanayen biskit huɗu, auduga tsakanin kowane layi, ya kawo mini har gida a tasi.

"Amana ce, Usta. Da na zauna zan aiko a karɓa."

Na tura su ƙarƙashin gado. Shekara ta wuce ba labari. Na fara tsoron ɗanshin Jidda zai cinye su, don na buɗe ɗaya na ga audugar ta fara baƙi. Akwai wani likita ɗan Najeriya da ke aikin kwangila a wani asibiti, muna haɗuwa a masallaci. Na kai masa gwangwani ɗaya, na ba shi labari. Ya saurara da kyau, ya ɗaga ɗaya a haske ya ce abin sha'awa ne. Ya yi alkawarin tambayar wani abokinsa malamin jami'a. Bayan wata biyu ya dawo mini da shi. Abokin ya ce in babu kuɗin na asali, babu littafin nauyi, ba a kuma san inda aka tono su ba, babu abin da za a yi da su. Na mayar ƙarƙashin gado.

A shekara ta huɗu da tafiyar Ustaz aka kama ni. Da hantsi ne, na sauka daga bas a Bab Sharif zan sayo gas, askarawa suka tare titi ta gaba da baya. Na yi kwanaki a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, daga nan aka sa mu a jirgi da kayan jikinmu. Matata ta biyo ni bayan wata bakwai da yara biyu da abin da hannunta ya iya ɗauka. Da ta huta na tambaye ta gwangwanayen.

"Malam, da yara zan ji ko da gwangwani?" in ji ta. "Na bar wa maƙwabciyarmu, na ce ta adana."

Gaskiyarta ce. Da aikin hajji ya zagayo na roƙi wani ɗan unguwarmu da zai tafi ya bi ta Karantina ya tambaya. Ya dawo ya ce ya sami matar. Gwangwanayen suna nan, tana zuba kayan ɗinki a ciki. Abin da ke cikinsu kuwa yaran gidan sun gano yana rubutu kamar alli, sun rarraba wa 'yan layin. Ya ce ya ga zane-zanensu a bangon lungun.

Shi wannan mutumin ne ya kawo mini wasiƙa da ta daɗe a shagon Ammi. Daga Amman take, an rubuta ta fiye da shekara guda kafin ta iso hannuna. Rubutun manya-manya ne, yana hawa yana sauka, na gane idon ya ƙara lalacewa. Ya gaishe ni, ya tambayi 'yata da sunanta. Ya ce ya sha wahala amma yanzu ya samu ɗaki, kuma ya samu wani masani da ya yarda ya duba aikin, sai dai yana son ganin siffofin da idonsa. Ya ce in ba wa duk wanda zai zo Amman, ko gwangwani ɗaya ne, in an samu wanda ke da lamba ɗaya zuwa arba'in ya fi.

Wasiƙar ta yi wata uku a aljihuna. Na fara amsa sau da yawa ina yagewa. Har na yi tunanin in ce ruwa ne ya ci su, don ya fi sauƙin ji. A ƙarshe na je wurin wani malamin Islamiyya mai kyan rubutun Larabci, na faɗa masa abin da ya faru tiryan-tiryan, kamun da aka yi mini, da maƙwabciya, da yaran, ya rubuta. Na ce ya ƙara da cewa ina neman gafararsa. Na kai gidan waya a Katsina da kaina, na sa adireshin shagon ƙanena don amsa. Na yi shekara biyu ina bi ta shagon duk ranar kasuwa ina tambaya, har ƙanena ya ce in daina wahalar da kaina, in ta zo zai kawo mini gida.